Shaidar Sajan Markus

Shekara ashirin da biyu Sajan Markus ya yi a soja kafin ya dawo Zuru ya kama noman dawa a hanyar Manga. Kakin ya tuɓe, halin kuwa yana nan. Ko majami'a zai je, da maci yake shiga.

A daminar 2004 'yarsa Joyce ta dawo daga jami'a da wata takarda. Kwamitin ladabtar da ɗalibai ne ke nemanta. Ta jona hita tana dafa wake a ɗakin kwana, abin da doka ta hana, wutar ginin gaba ɗaya ta ɗauke har kwana biyu. Takardar ta ce tana da haƙƙin kare kanta, tana kuma iya zuwa da mai yi mata shaida. Mahaifiyarta Margaret ta so ta raka ta, amma kafin a gama shawara Sajan ya ciro lambobinsa na soja yana gogewa.

Ranar zaman ya sara wa malaman kwamitin su biyar ɗaya bayan ɗaya. Shugabarsu, wata dattijuwar farfesa, ta ce, "Baba, me za ka gaya mana game da halinta?"

"Ta aikata, ranki ya daɗe," in ji Sajan. "Ban gani ba, amma na san ta. Tana shekara tara ta ƙona mini rediyo."

"Haba, Baba!" in ji Joyce.

"Shiru! Manya na magana."

Farfesa ta ce, "A'a, Baba. A nan ba ma yanke hukunci sai ɗalibi ya faɗi nasa."

"Mai laifin?"

"Ita ɗin."

Sajan ya zauna, ransa a dagule. Joyce ta amsa laifinta ba gardama, sannan ta miƙa kwafin wasiƙu biyu da ta rubuta wa mai kula da ginin tun farkon zango, cewa wayoyin ɗakin suna tartsatsi. Malaman suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Aka ƙwace hitar, aka ba ta takardar gargaɗi.

"Shi ke nan?" Sajan ya miƙe. "Ko tsallen kwaɗo babu? Ku ba ni ita minti goma a filin can."

Wani malami ya rufe fuska da fayil, kafaɗunsa na rawa. Farfesa ta bayyana wa Sajan cikin ladabi cewa ɗaliba ce kaɗai ke da ikon ɗaukaka ƙara, ban da shaidarta.

A mota ya karɓi littafin dokokin ɗaliban, ya sa tabarau, bai ɗago ba har tashar Zuru. Tun daga ranar, duk wanda ya yi laifi cikin ƙannen Joyce sai a zaunar da shi a benci ya yi bayani. Sajan yakan saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "To, an ba ka haƙƙinka. Kama kunnenka."