Baba, Mai Sauraron Ƙasan Teku

Ina cikin jirgin ruwa a gabashin Japan saƙon ƙanena Usmanu ya shigo, da Larabci kamar yadda ya saba: Baba ya rasu, an sallace shi a Haramin Madina, an kai shi maƙabartar Baƙi'a. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in karanta har an rufe shi. Madina ba ta jinkirta mamaci don 'yarsa tana nesa.

Mahaifina, Dakta Idrisu, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nazarin wuraren da ɓawon ƙasan teku yake kutsawa ƙarƙashin na tudu. A can akwai wata girgizar ƙasa mai nawa, wadda kan shafe makonni tana zamewa ba ta ko motsa kofin shayi ba. Yakan ce, "Ƙasa ma tana juyi cikin barcinta, mu ne ba mu da kunne." Aikinsa shi ne ya aika sauti cikin dutse, ya tari amsar da ta dawo, ya zana hoton abin da ido bai taɓa gani ba.

A kasuwar Sultana, cikin Madina inda muka tashi, ya fara koya mini, ina yarinya. Sai ya ɗauki kankana ya ƙwanƙwasa, ya kara mini a kunne, ya ce in faɗi abin da ke ciki. Mai kankanar, wani ɗan Chadi, yakan gaji ya ce, "Ya Dakta, ya isa haka, ka saya ko ka bar ta ta huta." Baba ya yi dariya ya sayi biyu. Daga nan na bi sawunsa.

A aikinmu, mukan sauke na'urorin sauraro a ƙasan teku, mu bar su shekara, sannan mu dawo mu kira su da sauti, su saki ƙarfen da ya danne su, su taso. Wasu ba sa amsawa. Ban taɓa ganin Baba ya yi fushi da wannan ba. Yakan jima yana kallon ruwan, ya ce, "Ba ta ɓata ba. Tana inda aka ajiye ta."

Da ciwo ya kwantar da shi a gidanmu na unguwar Awali, cikin dabinonsa, na so in fasa tafiyar bana. Ya hana, ya ce na'urorin suna jirana.

Da na dawo, ba abin da nake so sai in san inda yake kwance. Amma a Baƙi'a ba a rubuta suna a kabari, mata kuma ba sa shiga. Muka tsaya a bayan shinge ni da Umma. Usmanu, wanda shi ya sa Baba a kabari, ya miƙa hannu zai nuna, hannun ya yi ta yawo, duwatsun kan kaburburan duk iri ɗaya. Na yi kuka har da fushi. Ni da nake zana duwatsun ƙarƙashin teku, na kasa nuna inda ubana yake.

Umma ta riƙe hannuna, ta ce a hankali, "Zainabu, bai ɓata ba. Yana inda aka ajiye shi, sai an kira."

Na rufe ido na yi masa sallama. Tattabaru suka tashi ta kanmu, na jima ina saurare.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa ranar kira ya taso cikin haske tare da maƙwabtansa na Baƙi'a. Allah Ya ba Umma da Usmanu haƙuri, ni ma Ya sanyaya mini zuciya. Amin.