Kawu Labaran da Katin Mai Kunne Uku

Kawu Labaran bai taɓa ɗaukar ɗan ƙwallo ba sai ya duba haƙoransa. Ku da kuka yi zamani da shi a unguwarmu ta Ganu kun san ba ƙari nake yi ba. Saurayi zai zo da takalminsa rataye a wuya yana cika baki, Kawu ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a gaban riga, ya ce, "Buɗe baki." Daga nan ya matsa cinya, ya daddanna haƙarƙari, ya ɗaga ƙafa ya leƙa tafinta, daidai yadda yake yi wa sa a kara kafin ya yi tayi. In ya gamsu sai ya ce, "Wannan zai kai rani." In bai gamsu ba, ya naɗe maka tsoka ɗaya a takarda ya ce ka gai da mutanen gida.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yanci ba, ƙasar tana amsa sunan Dahome, kowace unguwa a Paraku tana son a ce tana da ƙungiya. Kawu mahauci ne, sai ya tara samarin mayanka ya kafa tasa, gari ya sa mata suna 'Yan Fawa, shi kuma ya naɗa kansa Perzidan. Ni ɗan ƙanwarsa Hajara ne, ni ne mai tsaron gida, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ɗan Hajara". A rukuni na biyu muke buga wasa. Burinsa ɗaya a duniya mu hau rukuni na ɗaya, ya ga mahautan Ganu sun kara da manyan ƙungiyoyin kudu.

Wata rana ya tafi sayen shanu wajen Kolokonde, can bayan Jugu, ya dawo da shanu da mutum. Mutumin Biyo ne, manomin doya. Wai wani sa ne ya tsinke igiya, Biyo ya bi shi a guje cikin kunyoyin doya har ya kamo wutsiyarsa.

Na ce, "Kawu, ya iya ƙwallo kuwa?"

"Bai taɓa ganinta ba."

"To, me za mu yi da shi?"

"Ƙwallo ana koya wa mutum, ɗan Hajara. Cinya fa? Kai da ka iya ƙwallon, ina cinyarka?"

Wallahi har yau in na tuna sai na dubi ƙafafuna.

Sai tsimi. Kai, Kawu da tsimi! Komai ka ɗaga za ka yar, sai ka ji muryarsa ta bayanka: "Ajiye, zai yi rana." Da robar cikin ƙwallonmu ta fashe, maimakon ya saya sabuwa, sai ya wanke mafitsarar wani sa, ya hura, ya cusa a cikin fatar ya ɗinke. Da ita muka buga da 'yan unguwar Titiru. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, rana ta dafa ta. Wari ya cika fili, ungulaye suka fara shawagi a kanmu. 'Yan Titiru, yawancinsu teloli ne masu tsafta, in ƙwallo ta taso sama sai su kauce. Mu da muka tashi a mayanka ko a jikinmu, muka zura musu biyu, duka da kai. Arbitir, wato alƙalin wasa, ya toshe hanci da hankici ya nufo Kawu. A wurinmu duk ɗan boko Mushe ake ce masa, wato "Malam" da Faransanci.

"Perzidan, mene ne a cikin balon nan?"

"Kwantar da hankalinka, Mushe. Halal ce. Da hannuna na yanka."

Tsimin nan ne ya kusa kashe mu. A shekarar da muka fi ƙarfi, hukumar ƙwallo ta ce kowane ɗan wasa sai ya yi katin lisansi mai hotonsa da hatimi. Muka je wurin mai hoto a bakin kasuwa. Da Kawu ya ji cewa kowane mutum da nasa farashin, sai ya dubi akwatin hoton, ya dube mu.

"Akwatin nan naka, mutum nawa yake gani a lokaci ɗaya?"

"Ko ashirin ne."

"To, ga goma sha ɗaya. Ka ɗauka sau ɗaya."

Muka jeru kafaɗa da kafaɗa. A nan zan faɗi laifina. A lokacin ina neman Safiya, 'yar wani tela a Titiru, yarinyar da in ta ɗago ido sai in ji kamar an yayyafa wa ƙirjina ruwan randa. Kuma na haddace ƙananan littattafan soyayyar nan da direbobi ke kawowa daga Najeriya, waɗanda a bangonsu saurayi kan karkatar da kai yana kallon nesa. Na ƙudurta in roƙi hoton in kai mata. Da mai hoto ya shige cikin baƙin mayafinsa, sai na karkatar da kai wajen Biyo, na lumshe ido, ina kallon nesa.

Hoto ya fito, Kawu ya ari almakashi, ya yanka kawunanmu ɗaya bayan ɗaya kamar mai raba kason nama. Nawa ya fito da kunne ɗaya. Na Biyo ya fito da uku. Na ce, "Kawu, kunnena fa?" Ya ce, "Yana nan cikin ƙungiya, bai ɓata ba." Ragowar hoton, ƙirazanmu da ƙafafunmu, na tattara zan zubar. Kun san abin da ya ce. Ya zuba su a gwangwanin taba ya rufe. Magatakardan hukuma kuwa ya maƙala hotunan, ya buga hatimi bai ko duba ba.

Wasan ƙarshe na kakar ya kai mu Jugu, gidan 'Yan Goro, ƙungiyar jikokin fataken goro. Wanda ya ci shi zai hau. Muka tafi a bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar shanu, muna waƙa tun daga Paraku har muryoyinmu suka dushe. Perzidan ɗinsu Alhaji Mudi ne, abokin Kawu tun suna samari, ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba.

"Maraba da masu ƙarni!"

"Sannu, jan baki! Yau za ka tauna na baƙin ciki."

Kafin a take wasa aka baje katuna a tebur. Alhaji Mudi ya ɗauki na Biyo, ya kusantar da ido, ya nisantar, ya ƙirga da yatsa, sannan ya sa arbitir ya rubuta ƙorafi. Ba mu damu ba. Aka fafata har ana dab da tashi babu ci. Sai aka bugo kwana, ƙwallo ta daki cinyar Biyo ta gangara raga. Ikon Allah! Kawu ya ruga cikin fili babbar riga na tashi, yana ihu, "Ɗan Hajara, da me ya ci? Faɗa mini da me ya ci!" Ban taɓa ganin yammaci mai kyan wannan ba. Rana ta yi ja a kan itatuwan Jugu, ni kuwa ina jin kamar duniya budurwa ce ta yi mana murmushi.

Murnar kwana uku ta yi. Takarda ta iso cewa 'Yan Goro sun kai ƙara: katin Biyo na jabu ne, hotuna biyu aka haɗa don a ɓoye wani ɗan wasa. In ta tabbata, za a ƙwace nasarar a ba Jugu, su hau, mu zauna.

Ranar Asabar da hantsi komisiyon ladabtarwa, wato kwamitin hukumar, ya zauna a ajin wata lakwal, makarantar yara, a Paraku. Mutum uku ne, shugabansu wani Mushe mai tabarau daga kudu. Mu duka muka matsu a bencin yara, mahauta da 'yan goro suka cika tagogi. Mushe ya ɗaga katin.

"Perzidan, a iya sanina ɗan Adam kunne biyu gare shi. Wannan na ukun na wane ne?"

Kawu ya juyo. "Ɗan Hajara, tashi ka karɓi kayanka."

Na miƙe, ajin ya fashe da dariya. Alhaji Mudi ya ce, "Kunne ai kunne ne, Mushe. Ina shaida?"

Kawu ya miƙe. Ya taka zuwa tebur, ya sa hannu a ƙugu, ya zaro wuƙar fawa. Tabɗi! Mushe ya yi baya da kujera, na damansa ya shige ƙarƙashin tebur, na hagu ya kama hanyar taga yana salati. Kawu kuwa ko kallonsu bai yi ba. Ya jawo katunan nan masu hatimi, ya dinga sa bakin wuƙa yana ɓanɓare hotunan a hankali, kamar mai fiɗa. Ya buɗe gwangwanin taba, ya zazzage ƙiraza da ƙafafu, ya shiga mayar wa kowane wuya kansa. Kafin a dawo hayyaci ga mu nan mu goma sha ɗaya a kan tebur, kafaɗa da kafaɗa. Ya tura hoton Biyo kusa da nawa da ɗan yatsa, kunnena ya koma mazauninsa cif.

Mushe ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Sannan ya dube ni.

"Kai kuma me ya sa ka karkace haka? Wuyanka ke ciwo?"

Kawu ya ce, "Soyayya ce, Mushe. Muna yi masa magani."

Suka fita suka yi shawara suka dawo, fuskar Mushe ba dariya. Ya ce kati ba na jabu ba ne, Biyo Biyo ne. Amma an karya dokar hoto, an lalata katuna masu hatimin hukuma, an zare wuƙa a gaban komisiyo. Dole wani ya ɗauki laifin. In na ƙungiya ne, nasara ta koma Jugu. In na mutum ɗaya ne, ƙungiya ta hau, amma shi ba zai ƙara taka filin ƙwallo ba har sai an aiko masa da takardar yafewa.

Kawu ya mayar da wuƙarsa kube.

"Ni na ari almakashin, wuƙar ma tawa ce. Yaran nan ƙwallo kawai suka buga. Rubuta Labaran."

Alhaji Mudi ya miƙe, goron bakinsa ya tsaya. "Haba Labaran! Ni hawa na zo nema, ban zo a kore ka ba."

"To, hawan ma ba ka samu ba. Zauna, jan baki."

Haka muka hau rukuni na ɗaya. Ranar da babbar ƙungiyar kudu ta fara zuwa Paraku, duk Ganu ta shiga fili, har Safiya da ƙawayenta, ban da mutumin da ya kai mu. Ya ɗauko kujerarsa ya zauna a bayan katanga, da hayaniyar jama'a yake gane wasan. Ina tsaye a raga sai in ji murya ta tsallako: "Ɗan Hajara, fito!" Bai ga komai ba, amma in na fito sai in tarar da gaskiyarsa.

Aka yi wa Mushe canjin wurin aiki. Komisiyon ya watse. Gwamnatoci suka zo suka wuce, ƙasar ma ta canja suna ta koma Benin. Mai gadin ƙofa ya roƙi Kawu ya shigo, mu muka roƙe shi, Alhaji Mudi ya taso takanas daga Jugu ya kama hannun rigarsa yana ja.

"Don Allah tashi mu shiga. Wa ya ma tuna da zancen nan?"

"An aiko da takarda?"

"Wace takarda kuma? Masu rubuta ta sun mutu!"

"To, ka shiga ka ba ni labari."

Alhaji Mudi bai shiga ba. Ya sa aka kawo masa kujera, suka zauna tare a bayan katanga suna zagin juna har aka tashi. Na taɓa rubuta takardar da kaina na kai masa. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Babu hatimi, kuma tana ƙamshin turaren Safiya. Mayar wa matarka."

Watan jiya da muka ɗauko shi zuwa makwancinsa, hanya ta biyo da mu ta tsohon filin. Katangar ta daɗe da rushewa, awaki ke kiwo a ciki, kowa ta tsakiya yake ratsawa don ya rage tafiya. Biyo ne a gaban makara, gashinsa fari fat, ni ina gefensa. Da muka iso inda ƙofar take a da, sai ƙafafunmu suka tsaya da kansu. Biyo ya dube ni, na dube shi. Muka karkata, muka zagaya da shi ta waje.

Allah ya jiƙan Kawu Labaran, ya yafe masa kurakuransa. Ya tsaya a waje don mu shiga. Ya Allah, ka ba shi takardarsa a hannun dama, ka buɗe masa ƙofar da ba a korar kowa a cikinta. Amin.