Kawu da gwajin bas

Jama'a, yau Kawu Sale ya nuna mana bai san 'ya'yansa ba!

Bas zai saya wa iyali a Birnin Kudu, ya ce sai kowa ya shiga an gwada. Dillali ya kawo ta bakin tasha, muka ɗuru ciki. Mutum uku suka rasa kujera!

Kawu ya hau dillali da faɗa: "Wannan akwatin za ka sayar mini?"

Sai wani daga baya ya ce, "Direba, in ba Gwaram za ka ba, mu sauka."

Wallahi fasinjoji ne, har su huɗu!

Matarsa ta ce, "Alhaji, mai jar hular nan har faɗan rashin gaisuwa ka yi masa."