Gwaggo Asabe da Alƙawarin Kaftin

Duk wanda ya taɓa zaman kallon fim da Gwaggo Asabe ya san ba ta zama sai da muciyarta a kan cinya. Da ita take nuna wa mutanen cikin talabijin hanya. In mugu ya laɓe a bayan ƙofa, za ta miƙa muciyar har ta kusa taɓa gilashin, ta ce wa jarumin, “Ga shi nan a bayanka, kai dai ba ka da ido.” In aka kira salla kuwa, ba ta cewa a kashe. Sai ta sa a tsayar, ta dubi waɗanda suka daskare a ciki ta ce, “Ku jira ni, kada wanda ya motsa.” In ta idar ta dawo ta same su yadda ta bar su, sai ta gyaɗa kai ta ce yaran nan suna da tarbiyya.

Ku da kuka zauna da ita a unguwarmu ta bakin kanal ɗin ban-ruwa, nan gefen Bunkure, ba sai na tuna muku kalmarta ba: “Ba a yi haka da ni ba.” Ta faɗa wa mai injin casa, ta faɗa wa dillalan shinkafa na Kura, har ruwan sama ta faɗa wa ranar da ya sauko a kan shanyarta. Yayar mahaifina ce. Sana'arta turara shinkafa, ni kuma a hannunta na koya, shi ya sa rigimar da zan ba ku labari da ni aka yi ta tun daga farko.

Talabijin ɗin ɗanta Sani ne ya aiko da ita daga Abuja, haɗe da sola. Da farko cewa ta yi a mayar masa, ita ɗa ta haifa ba akwati ba, in yana so ta ga fuska ya kawo tasa. Sai da aka yi ta ba ta baki ta bari aka kafa a rumfar tsakar gida. Ba a jima ba rumfar ta zama wurin taruwar matan unguwa da yamma, in an kwashe shanya.

A nan muka kalli wani fim na Turawa da aka fassara da Hausa, wanda muke kira Jirgin Ƙaura. Labarin wasu mutane ne da duniyarsu ta bushe ƙarƙaf, suka shiga wani ƙaton jirgi suka nufi sararin samaniya neman inda akwai ruwa. Shugabarsu mace ce, ana ce mata Kaftin. A cikinsu akwai wani mutum-mutumin ƙarfe mai ɗingishi, wanda mai fassara ya raɗa wa suna Ɗan Gwangwani. Shi ke shara, shi ke gyara, shi ke goyon yaran jirgin, kuma ba wanda ke ce masa sannu. A ƙarshen fim ɗin suka yada zango a wata duniya mai jan yashi, bala'i ya taso, dole sai wani ya tsaya ya riƙe wata ƙofar ƙarfe kafin jirgi ya samu ya tashi. Ɗan Gwangwani ya tsaya. Kaftin ta leƙo ta taga ta ce masa, “Ka riƙe. Za mu dawo mu ɗauke ka.”

Gwaggo ta ajiye muciya ta share ido da gefen zani. Ta ce, “To, mun ji. Mu ne shaidu.”

Mahaifina, wanda take kira Garba gatsal duk da furfurarsa, ya shigo gaishe ta ya tarar ana jimami. Da aka ba shi labari ya yi dariya.

“Haba Yaya, ƙarfe ne fa. Ba shi da rai. Ƙarfe kike wa kuka?”

Ta ce, “Garba, injin ban-ruwanka da aka sace bara, da me aka yi shi?”

“Wannan ai daban ne.”

“Har ramewa ka yi. Ni na dama maka kunu da ka kasa cin tuwo.”

Baba ya gyara hularsa ya ce yana da aiki a gona.

Daga ranar duk wanda zai shiga Kura sai ta ba shi saƙon ya tambayo ko na biyu ya fito. Aka yi rani aka yi damina, aka sake yi, ba ta gaji da tambaya ba. Mai shagon tura finafinai a waya ya san saƙonta fiye da sallamarta.

Ranar da na biyun ya iso, Gwaggo ta sa aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa kamar za a karɓi baƙi. Mata suka cika tabarmi, samarin gida suka tsaya ta bakin zaure. Ta yi ɗaurin ɗankwalinta na fita unguwa, ta zauna a gaba.

Fim ya fara. Gaskiya an kashe masa aiki. Jirage suna harbin juna da wuta kala-kala, samari suna tafi. Aka kawo wani sabon mutum-mutumi fari sol, mai sheƙi, mai iya tashi sama. Kaftin ta haɗu da wani dogon soja suka fara soyayya. Larai maƙwabciyarmu ta dafe ƙirji tana cewa ka ga miji. Gwaggo kuwa duk sanda jirgi ya karkata sai ta ɗaga muciya ta ce, “Yauwa, yanzu za su juya.” Ba su juya ba. Suka samu duniya mai ruwa da korayen itatuwa, aka ɗaura auren Kaftin, aka yi rawa, rubutu ya fara hawa sama. Ko sunan Ɗan Gwangwani ba wanda ya ambata.

Mata suka fara neman takalma. Gwaggo ta ce kowa ya koma ya zauna, ba a gama ba. Haka muka zauna muna kallon sunayen Turawa suna wucewa har allon ya yi baƙi. Ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, “Ba a yi haka da ni ba.”

Nan musu ya kaure. Samari suka ce na biyun ya ninka na farko, wa ke ta wani tsohon gwangwani. Larai ta ce ita dai ta ga biki ta ga kaya, ranta ya yi fari. Wata ta ce ƙila ya mutu. Gwaggo ta ce in ya mutu ai sai a je a ɗauko gawa. Unguwa ta rabu biyu. Akwai matan da suka daina aron rariya a gidan juna saboda maganar nan.

Washegari ta ja ni muka tafi Kura wurin mai shago.

“Kai ka gutsure ƙarshen.”

Ya ce, “Gwaggo, fim ba ƙosai ba ne da zan gutsura. Yadda ya zo haka na tura miki.”

“To wa ya kawo shi?”

Don ya rabu da ita, ya ce masu fassara suna cikin Kano, ya kwatanta mana benen da suke aiki. Ya ɗauka magana ta ƙare. Bai san Gwaggo ba.

Baba ya hana, ya ce za ta mai da mu abin dariya. Ni ma na tuna mata muna da shinkafa shanshera a jiƙe, in ba a turara ba za ta yi tsami. Ta ce Larai ta turara, tunda ita ranta fari ne tana da ƙarfin aiki. Da sassafe muka hau motar Kano. Ta ƙulla shinkafa a leda, ta ce ko faɗa za ka je yi ba ka shiga wurin mutane hannu biyu.

Mun sha tambaya kafin mu gano benen. Da ƙyar ta hau matakalar, tana hutawa tana dafa bango, amma da na ce mu koma ta harare ni. A wani ɗan ɗaki da aka manne bangonsa da katifar soso muka tarar da wani siririn saurayi mai suna Nura, da abin ji a kunne.

Ya miƙe ya ce, “Sannu da zuwa, Hajiya.”

“Ban je ba tukuna. Ina matar da ta yi muryar Kaftin?”

Ya yi murmushi ya ce ai shi ne. Shi ne Kaftin, shi ne sojan, shi ne ma Ɗan Gwangwani. Ta ce ƙarya yake. Sai ya gyara murya, ya siranta ta, ya ce, “Ka riƙe. Za mu dawo mu ɗauke ka.”

Gwaggo ta ja da baya tana neman tsari. Da ta dawo hayyacinta ta samu kujera ta zauna, ta nuna shi da yatsa.

“To madalla. Kai nake nema. Me ya hana ku komawa?”

Nura ya yi ta bayani. Fim ɗin a ƙasar waje ake yinsa, shi bai san masu shi ba, su ma ba su san da zamansa ba, abin da suka faɗa da Turanci kawai yake mayarwa Hausa. Ta bari ya kai aya.

Ta ce, “Ɗan nan, ni ban jin Turanci. Ban san me Baturiya ta ce ba. Wanda ya yi mini alƙawari da Hausa shi na sani.”

Can ya ce yana da dabara: zai yi mata nata na musamman, ya sa wa Kaftin magana a wurin bikin, ta ce an riga an aika an ɗauko shi.

“Ka ɗora ƙarya a kan cin amana? Ashe gara ma Turawan.”

Sai ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mata cewa ba ita kaɗai ba ce. Mutane a ƙasashe da yawa suna ta rubuta ƙorafi a intanet, wasu na yabon fim ɗin, wasu na tambayar ina aka baro tsohon mutum-mutumin. Fuskarta ta saki. Ta ce ashe can ma akwai 'ya'yan mutunci. Ta tambaya ko ita ma za a iya kai nata. Ya ce zai ɗauke ta a waya, ya rubuta Turancin a ƙasa.

Ta gyara mayafi ta dubi wayar kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

“Sunana Asabe, daga Bunkure. Na ga aikinku. Na farko kun kyauta. Na biyu kun ci amana. Wanda ya riƙe muku ƙofa kuka tsira, shi kuka manta kuka tafi biki. Jirgi naku ne, mai naku ne, kun san hanya. Ku koma ku ɗauko shi. Ban yafe ba sai na gani.”

Ta miƙa wa Nura ƙullin shinkafar, ta ce ya ci ya yi ƙiba, muryar mutum goma ba ta zama a jiki irin wannan.

A mota muna dawowa, mun wuce gonakin tumatir na Kadawa, na ce mata, “Gwaggo, tsakani da Allah, duk wannan wahalar a kan fim?”

Ta ce, “Hindatu, ba ki ga yaran da ke tafi ba? An nuna musu in abu ya tsufa ana barinsa a baya a samo sabo mai sheƙi, kuma ba abin da zai faru sai rawa. Yau gwangwani ne. Gobe ni ce da ubanki.”

Har muka sauka ina juya maganar a raina.

Bidiyon ya zaga fiye da yadda muka zata. Nura yakan turo mini abin da mutane suka rubuta, in karanta mata tana juya shanya. In an yabe ta sai ta ce Allah ya yi albarka. Wani ya rubuta cewa tsohuwar nan ba ta fahimci fim ba, ta tsaya da manjagara a hannu ta ce, “Ɗan gidan wane ne?” Na ce daga wata ƙasa ce can mai nisa. Ta ce shi ya sa.

Har Abuja ya kai. Abokan aikin Sani suka nuna masa, ya taho gida a fusace zai yi faɗan an kunyata shi. Ya shigo ya tarar da ita a bakin murhu, hayaƙi ya sa idonta ja. Ta ɗago ta ce, “Ashe sai an sa ni a waya kake ganina.” Faɗan da bai yi ba ke nan. Ya tuɓe agogo ya kama mata sauke tukunya. Tun daga lokacin ba ya daɗewa bai zo ba.

Da ciwo ya kwantar da ita a daminar da ta wuce, an fara raɗe-raɗin za a yi na uku. Kullum na shiga gaishe ta sai ta tambaya. Ranar da jikin ya yi tsanani ta riƙe hannuna ta ce in ya fito mu kalla a rumfarta, kuma in ba su koma ba kada mu yi shiru. Na ce to. Har yau bai fito ba. Muna jira, har da Larai.

Bayan rasuwarta, ranar sadakar uku, sai ga Nura, tun daga Kano. Bayan ya yi wa maza gaisuwa ya nemi a kira ni bakin zaure. Ya ce tun da yake wannan aiki ba wanda ya taɓa kama shi da maganar da ta fito daga bakinsa sai ita. Ya ce yanzu duk fim ɗin da zai fassara, in wani ya ɗauki alƙawari, sai ya ƙara masa “in Allah ya yarda”, ko da dodo ne mai ido uku daga wata duniya. Ina cikin hawaye dariya ta ƙwace mini, shi ma ya sunkuyar da kai yana yi.

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta. Yadda ba ta yarda a manta da kowa ba, ya Allah kada ka bar mu mu manta da ita a addu'a. Amin.