Abdulwahab, Wanda Ya Raba Ni da Muryar Mata

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, matarka Rumaisa'u ta kira ni a waya ta ce, "Ya Pindar, abokinka ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ciwon ƙodar da ka yi wata bakwai kana fama da shi, ashe na ajali ne. Bayan la'asar muka kai ka maƙabartar Gwange. Abdulwahab, na gaji. Tun ambaliyar bara ban huta da zaman makoki ba, yanzu kuma ga naka.

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna fassara finafinan Indiya zuwa Hausa a wani ɗan ɗaki a Gamboru, bayan layin masu gyaran waya. Yadda muka tarar da sana'ar, maza ne ke yin dukkan muryoyi. Kai ke yin ta maza, ni ke yin ta mata: in toshe hanci, in siranta murya, in yi ta yanga a gaban makirufo. Da wannan na yi suna. Har a Keke Napep akan gane ni, a ce sai na yi muryar kafin in sauka, ni kuwa kaina ya yi ta fashewa.

Wata Asabar ka ja ni gidan kallo a Abbaganaram don mu ga yadda ake karɓar sabon aikinmu. Aka zo wurin da wata mata, mijinta ya karya mata hannu, take gaya wa mahaifiyarta ba za ta koma ba. Muryata na fitowa, ɗakin ya kece da dariya, har da masu buga benci. Na waiwayo ina jiran yabo, sai na ga ka sunkuyar da kai. Da muka fito ka ce mini, "Ranar da ƙanwata Falmata ta zo gida da irin hannun nan, ba wanda ya saurare ta a cikinmu. Yau kuma mun ƙara mata da dariya." Na ce ai fim ne. A haka muka rabu.

Bayan mako biyu ka kawo Zainaba daga Mairi, wadda ta gama jami'a tana zaune ba aiki. Sau uku ka je wurin mahaifinta kafin ya yarda ta riƙa yi mana muryar mata. Wata biyu na yi gaisuwa kawai ke haɗa ni da kai, don a ganina ka cire mini tuwo a baki. Abin da ya fi ba ni haushi, har fassararmu kake barinta ta gyara. Ta ce mace ba ta magana haka, kai kuma ka ɗauki biro ka soke.

A majalisa ba sunan da ba a sa maka ba. Mijin-ta-ce, ɗan feminis, limamin mata. Kakan yi dariya ka ce ba ka san duk abin da kalmar ta ƙunsa ba, amma in dai saurarar mace ce laifin, a rubuta sunanka. Ba zan ce kai waliyyi ba ne. Taurin kanka ya fi na jaki, kuma Rumaisa'u shaida ce, ko shayi ba ka iya dafawa ba sai da rashin lafiya ta zaunar da kai a gida. Amma ba ka yar da ni ba. Kai ka gano muryata ta dace da tsofaffi da mugaye, ka zauna da ni har na iya. Da ruwa ya ci unguwarmu, a bayanka ka goyo mahaifiyata zuwa tudu, alhali jikinka ya riga ya fara ƙi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar sadakar uku, ko shafa fatiha ba a gama ba, masu tura finafinai a waya suka ja ni gefe. Suka ce tun da Zainaba ta zo aikinmu ba ya ba da dariya, samari sun koma wa wasu, yanzu da babu kai sai in dawo musu da muryar nan. Ban ce a'a ba, Abdulwahab. Cewa na yi za mu gani. Gaskiyar magana, ina kewar dariyar nan, kuma ba ni da ƙarfin jayayya irin naka.

Da zan tafi, Zainaba ta fito daga wurin mata ta tsaya a bakin zaure. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ya Pindar, ranar Litinin in zo aiki, ko in zauna a gida?" Ashe ta ji komai. Shekara shida tana aiki da mu, amma ta san zamanta a ɗakin nan a kan mutum ɗaya ya rataya, mutumin kuma yana Gwange. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Na ce ta zo. Na ciro makullinka na ɗakin aikinmu da Rumaisa'u ta ba ni, na miƙa mata a gaban mutanen nan. Ban sani ba ko na yarda da abin da ka yarda da shi ne, ko kuwa nauyinka nake ji. Ko wanne ne, ta zo ranar Litinin, mun yi aiki, kujerarka tana nan ba wanda ya zauna.

Ina miƙa ta'aziyya ga Rumaisa'u da 'ya'yanku uku, da Falmata, da dukkan dangi na Abbaganaram. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya. Ya Allah, Ka gafarta wa Abdulwahab, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka saurare shi da rahama kamar yadda ya saurari waɗanda muka yi wa dariya. Mu kuma, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.