Tarihin Malam Muhyiddeen Lawal, Mai Gidan Ɗaga Ƙarfe na Mpape

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Muhyiddeen a shekarar 1959 a Tudun Wadan Zariya. Mahaifinsa shi ne Malam Lawal mai turare, mahaifiyarsa kuwa Malama Rakiya. Ya sauke Alƙur'ani a 1971, ya kammala sakandare a 1978, sannan ya samu difloma a fannin kula da kayan ajiya a Kaduna a 1982.

A Kaduna ya fara ɗaga ƙarfe tare da amininsa Uthman, suna zuba siminti a gwangwanayen fenti su soka sandar ƙarfe a tsakiya. A 1984 Uthman ya sayi wasu ƙwayoyi marasa suna a tashar mota, waɗanda aka ce suna ƙara ƙwanji. Jikinsa ya cika har mutane suna yabawa, daga bisani ƙafafunsa suka kumbura, likitoci suka ce ƙodarsa ta daina aiki, ya rasu kafin shekara ta ƙare. Daga wannan lokaci Malam Muhyiddeen bai sake amincewa da duk wani abu da aka zuba a gwangwani aka ce yana gina jiki ba.

Aiki da iyali

Ya kama aiki da gwamnatin tarayya a Legas a matsayin jami'in sito, aka dawo da shi Abuja a 1991. Abokan aikinsa sun shaide shi da gaskiya, sun kuma shaida cewa ba ya karɓar kwali sai ya buɗe shi, ko da daga ofishin babban sakatare ya fito. Ya auri Malama Ummukulthum a 1988, Allah ya azurta su da 'ya'ya.

A 1998 ya haɗu da James, wani Bagwari mai walda ɗan Bwari, a wani fili da ke Kado inda ake motsa jiki da safe. James ne ya ƙera masa ƙarafansa na farko, suka ƙulla abota har iyalansu suna ziyartar juna ranar Sallah da Kirsimeti. Bayan wasu shekaru James ya bar walda ya buɗe shagon kayan gina jiki a Wuse, lamarin da Malam bai taɓa jin daɗinsa ba.

Gidan ƙarfe

Da ya yi ritaya a 2017, ya buɗe gidan motsa jiki a Mpape, inda masu fasa dutse da 'yan acaba da ƙananan ma'aikata suke zuwa. A lokacin matasa sun raja'a ga wani farin gari mai suna kiriyatin, wanda ake damawa da ruwa don ƙarin ƙarfin tsoka. Yana zuwa iri-iri: akwai na asali mai arha da ake kira monohaidiret, akwai masu tsada da ake cewa sun fi saurin shiga jiki, akwai na ruwa, akwai na taunawa kamar alawa. Malam ya haramta su gaba ɗaya a gidansa, har yakan shinshina gorar ruwan wanda ya ga ƙirjinsa ya cika da wuri.

Rikicin 2019

A 2019 ɗansa Ameer, mai shekara ashirin da biyar, ya samu gurbin aiki a wani kamfanin tsaro, aka tura shi gwajin lafiya. Sakamakon ya nuna cewa wani sinadari da ake auna lafiyar ƙoda da shi ya hau sosai a jininsa. Da mahaifinsa ya matsa masa, ya amsa cewa ya jima yana shan wani nau'in kiriyatin mai tsada da ake kira esta, kuma a shagon James ya saya.

Washegari James ya zo motsa jiki kamar yadda ya saba, Malam ya tare shi a gaban jama'a da robar garin a hannu.

"Guba ka sayar wa ɗana, James. Ka ci tuwo a gidana, ka sayar masa da guba."

"Oga, ba guba ba ne. Yaron ya zo da kansa, ni ma na ce masa ya ɗauki na arha, bai yarda ba."

"Me ya hana ka gaya mini?"

James ya ɗauki jakarsa ya fita. Labari ya bazu daga Mpape zuwa Wuse, masu saye suka ƙaurace wa shagonsa na tsawon lokaci.

Dakta Hadijatu, likitar ƙoda da ta duba Ameer, ta bayyana cewa wannan nau'in yana iya ɗaga sakamakon gwaji alhali ƙoda lafiyarta lau. Ta sa ya daina sha, aka sake gwaji bayan wasu makonni, komai ya koma daidai. Sai dai kafin nan kamfanin ya ba wani mutum gurbin. Malam bai gamsu da bayanin likitar ba. Ya kai garin kiriyatin ɗin wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa, aka ce babu komai a ciki sai abin da aka rubuta a jikin robar. Ya yi zargin an saye masu gwajin, ya ɗauki ragowar ya kai Kaduna ba tare da ya faɗi sunan mai shagon ba. Ya kuma tura mutane dabam-dabam su sayo wasu kayan James a asirce, su ma aka gwada. Amsa ɗaya ya yi ta samu. Duk da haka bai nemi James ba, shi ma James bai sake takawa Mpape ba.

Shekarun ƙarshe

A damunar 2022 Malam ya zame a gangaren gidansa ya karye a ƙugu. Bayan tiyata da doguwar jinya naman cinyoyinsa ya zube, har ba ya iya tashi daga sallaya sai an kama shi, abin da ya fi masa karayar ciwo. Clara, ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke kula da shi, ta ce motsa jiki da abinci su ne ginshiƙi, amma tunda ƙodarsa lafiya take, likita bai hana ya haɗa da kiriyatin ba. Ya ƙi, har ya riƙa musanya kofin kununsa da na matarsa, don yana zargin ana zuba masa a ɓoye.

Da azumi ya wuce ba tare da ya iya tsayuwa a sahu ba, sai ya umarci Ameer ya kawo masa kowane iri ya gani. Ya jera su a kan tabarma yana nazarinsu. Ya ture na ruwa, ya ce bai san tsawon zaman da ya yi a kwalba ba. Ya ture na taunawa, ya ce wannan alawar yara ce. Ya ture masu tsada saboda yabon da aka cika jikinsu da shi ya yi yawa, ya ture wanda aka gauraya da abubuwan da ba a faɗi adadinsu ba. Saura na asali, farin gari marar ɗanɗano.

"Wannan zan sha," in ji shi, "amma ba wannan robar ba. Ka je ka ce James ya kawo da hannunsa."

"Baba, James fa? Bayan abin da ya faru?"

"Duk garin nan shi kaɗai na bincika har ƙarshe ban samu komai ba. Sauran ban san su ba."

James ya zo wata ranar Asabar, ya durƙusa ya gaida Malama Ummukulthum, ya miƙa robar. Malam ya duba murfin, ya duba ranar lalacewa, sannan ya sa aka kawo kofi biyu, ya ce James ya fara sha. James ya yi dariya ya shanye. Daga ranar yakan zo duk Asabar ya riƙe masa kafaɗa suna zagaya tsakar gida. A ƙarshen 2023 Malam ya koma zuwa masallaci da sanda. Da aka tambaye shi ko garin ne ya yi aiki, sai ya ce yana zargin ƙwai da waken da yake ci ne.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Muhyiddeen rasuwa a watan Agusta na 2024 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara sittin da biyar. An yi masa sallah a masallacin unguwarsu, aka binne shi a maƙabartar Gudu, inda James ya tsaya a gefe har aka gama, sannan ya karɓi shebur ya zuba ƙasa.

Ya bar matarsa Malama Ummukulthum da 'ya'ya huɗu: Rukayyat, malamar makaranta a Bwari; Nabilah, ma'aikaciyar jinya; Hussaina, ɗaliba; da Ameer, wanda yake riƙe da gidan ƙarfen. Allah ya gafarta masa, ya kai haske kabarinsa.