Ɓerayen Malamin Bayoloji

Jikata Ladi ta kai shekara uku ba ta ce uffan ba, uwarta kuwa ta gaji da kuka. Ran Asabar, muna kwashe buhunan citta, muka tarar da jariran ɓera, jajaye, ido a rufe. Warinsu ya mayar da ni ajin marigayi malaminmu na bayoloji a Kafanchan, mai kiwon fararen ɓeraye a bayan aji.

Wata rana ya ɗora jaririn ɓera ɗaya a tafin hannuna, da ɗuminsa. "Sinadarin da ke kai saƙo ya fara zagayawa a ƙwaƙwalwarsa," in ji shi, "amma masu karɓar saƙon sai a hankali suke tsirowa. Ba a yi musu tsawa."

"Sa, mu fa da lissafi?" na tambaya.

"Kai naka sun makara, amma suna hanya."

Na ba uwar Ladi labarin, har ta yi dariya. Ladi kuwa ta tsuguna, ta nuna jariran ɓeran da yatsa, ta ce, "Ɓera."

Ni da na tsufa ina koyar da Turanci, da wannan kalma jikata ta buɗe baki. Na karɓa hannu bibbiyu.

Ubangiji ya ba Malam hutawa, mu kuma ya ara mana haƙurinsa.